AURE A KUALA LUMPUR: GORO BA YA ISA, SAI DA TAKARDA



Watannin baya wani dattijo na unguwarmu a nan Kumasi ya same mu a ofis da hantsi. Bayan mun gaisa ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙo, ya ce, "Malam Akawu, duba mini wannan. Yaron nan nawa da ke karatu a Maleshiya ne ya aiko. Wai ya ga yarinya a Kuala Lumpur, 'yar mutanen ƙasar, Musulma, yana so ya aura. Ni kuwa na riga na sayi goro, na gaya wa Liman. Abin da ya rage a sa rana a shafa fatiha a nan, a buga masa waya a ce an ɗaura. To, ga shi ya jero mini waɗansu takardu wai sai an aika masa da su. Shin aure za shi yi, ko aikin Gwamnati ya ke nema?"

Muka karanta takardar har ƙasa, muka ce, "Baba, a raba goron nan a ci, kada ya bushe, domin da sauran tafiya. Yaro bai yi wauta ba. In babu takardun nan, babu aure a can."

Tun daga ranar mu ke tare da dattijon nan muna hawa muna sauka a ofisoshi. Mun ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya, domin ba shi kaɗai ba ne. 'Ya'yanmu suna can, waɗansu a Jami'ar Musulunci ta Duniya wadda aka kafa a 1983, waɗansu a sauran makarantu, waɗansu kuma fatauci ya kai su. Inda samari da 'yan mata suka taru kuwa, ba a rasa maganar aure.

ƘASA ƊAYA, DOKA BIYU

Mu da mutanen can shekara ɗaya muka karɓi mulkin kai daga hannun Ingila, mu ran 6 ga Maris, 1957, su kuma ran 31 ga Agusta, 1957, sa'ad da a ke kiran ƙasar Malaya. Sunan Maleshiya a 1963 ya zo. Watau makaranta ɗaya muka yi a wurin Bature, ta fayil da hatimi da sa hannu. Bambancinmu da su shi ne, su sun ɗauki wannan tsari sun shigar da shi cikin sha'anin addini. Auren Musulmi da sakinsa duk suna da ofis, suna da rajista, suna da kotun Shari'a.

Wanda ba Musulmi ba yana bin wata doka ta 1976, wadda ta fara aiki ran 1 ga Maris, 1982. Ofishin rajistar jama'a, wanda su ke kira JPN, shi ke ɗaura masa aure. Sai ya zauna kwana 7 a gundumar, a manna sanarwa kwana 21, in ba wanda ya kawo suka a ɗaura, kuma mace ɗaya ce tak. Wannan doka ba ta shafi Musulmi ba. Ko da baƙo ne, ba shi da iko ya ce ita za shi bi don ya kauce wa ofishin addini.

Musulmi kuwa ko wace jiha da dokarta. Ƙasar tana da jihohi 13 da yankunan tarayya 3, Kuala Lumpur tana cikin ukun nan. Dokar da ke aiki a birnin ita ce Dokar Iyali ta Musulunci ta 1984, ofishin da ke riƙe da ita kuwa JAWI a ke ce masa. A lura da wannan: inda yarinya ta ke zaune, can a ke neman izini, ba inda ango ya ke ba. Gombak, inda babbar harabar jami'ar nan ta ke, a bakin birnin ta ke, amma cikin jihar Selangor ce, ofishinsu kuma dabam ne, JAIS. Saboda haka tambaya ta farko da uba za shi yi wa ɗansa ita ce, "Iyayen yarinyar a wace jiha su ke?"

Ban da Malayawa akwai Sinawa da Indiyawa da yawa a ƙasar. In yarinyar ba Musulma ba ce, kada wani ya dogara da cewa Musulmi yana iya auren Ahlul Kitabi. Dokar ta ƙuntata ma'anar kalmar ƙwarai, har a aikace sai yarinyar ta musulunta, an ba ta katin shaida, kafin a karɓi takardar neman aure.

TAKARDUN DA A KE NEMA

Na ɗaya, fasfo, da izinin zama wanda bai mutu ba. Wanda bizarsa ta ƙare, ranar da ya kai kansa ofis neman aure ya kai kansa hannun hukuma ke nan. Wanda kuma ya shiga ƙasar da izinin ƙwadago na ɗan lokaci, irin na leburori, cikin sharuɗɗan izininsa akwai cewa ba za shi yi aure a can ba.

Na biyu, shaidar cewa ba shi da aure. Wannan ita ce mai cin lokaci, domin daga gida ta ke farawa. Uba ko babban gida ya yi rantsuwa a rubuce gaban mai ikon rantsar da mutane, a kai takardar ofishin shari'a su tabbatar da sa hannun, a wuce da ita Ma'aikatar Harkokin Waje a Ankara, babban birninmu, su buga nasu hatimi. Ko wane hatimi yana shaidar na gabansa ne, ba a tsallake ko ɗaya. Takardar kuma tana da wa'adi na 'yan watanni. Wanda ya karɓa ya ajiye a akwati shekara guda, sai ya sake sabuwa.

Na uku, wasiƙa daga ofishin jakadan ƙasarsa a Kuala Lumpur. Gana tana da ofis a birnin, Nijeriya ma tana da shi. Ana kuma neman takarda daga ofishin shige da fice na Maleshiya, mai nuna cewa zamansa halal ne.

Na huɗu, shaidar kwas na kwana biyu da a ke yi wa masu shirin aure, inda a ke karantar da su hakkin miji da na mata.

Na biyar, gwajin jini na cutar ƙanjamau. Jihar Johor ce ta fara wajabta shi a 2001, zuwa 2009 ya game ƙasar duka ga Musulmi. Manufa ita ce ko wanne ya san halin ɗan'uwansa kafin a ɗaura.

Na shida, wanda ya taɓa aure ya kawo takardar saki, ko shaidar rasuwar abokin zama. Bazawara sai an ga iddarta ta cika.

Na bakwai, fom na neman izini, da shaidu biyu maza. Doka ta ce a miƙa shi aƙalla kwana 7 kafin ranar aure, amma baƙo da ya jira sai saura kwana 7 ya shirya jin kunya. Duk takardar da ba da Ingilishi ko Malayanci ta ke ba, sai an fassara ta an tabbatar da fassarar.

SUNA ƊAYA A KO INA

A nan ne muka yi tuntuɓe da maganar yaron dattijon nan, kuma laifin ba na kowa ba ne sai namu. A takardar haihuwa an rubuta shi Mahama. A takardar makaranta Mohammed. A fasfo Muhammad, sunan ubansa kuma ya koma gaba, nasa ya koma baya. Shekarar haihuwa ta fasfo ta girmi ta takardar haihuwa da shekara biyu. Mu a Zongo mun san mutum ɗaya ne, mun ci tuwon sunansa. Akawun da ke zaune a Kuala Lumpur bai ci ba. Shi mutum uku ya ke gani, kuma gaskiyarsa ce. Mu da mu ke wannan aiki mun sani, akawu ba ya sa hannu kan abin da ya ji, sai kan abin da ya gani.

Sai da aka yi wata rantsuwa dabam cewa sunayen nan duka na mutum ɗaya ne, ita ma ta bi layin hatimi daga farko. Mako shida suka tafi a kan wannan kaɗai. Iyaye, ku buɗe akwatunanku tun yau ku jera takardun 'ya'yanku ku duba. Harafi ɗaya yana tsai da biki.

WALIYYI DA SADAKI

Mu Malikawa ne, su Shafi'awa, amma a kan waliyyi bakinmu ɗaya: babu aure sai da shi. Saboda haka fatihar da dattijo ya so a yi a Kumasi, ba uban yarinya, ba wakilinsa, ko Limaminmu da muka tambaya ya ce addu'a ce kawai, ba aure ba ne. A dokarsu sai ango da amarya sun yarda, waliyyi kuma ya yarda. In babu waliyyi na jini, ko an neme shi an rasa, ko ya ƙi ba da wani dalili ba, alƙalin kotun Shari'a ya kan bincika, sa'an nan ya tsaya a matsayinsa.

Wannan ya shafi 'ya'yanmu mata da ke can. In ɗiyarka za ta yi aure a Kuala Lumpur, ko ka je da kanka, ko ka aika da wakilci a rubuce, da shaidu, da hatimi. Faɗa ta waya cewa "na yarda" ba ta shiga fayil.

Sadaki, wanda su ke kira mas kahwin, ana rubuta shi cikin rajista, a ba amarya. Ban da shi akwai hantaran, kuɗi da kaya da dangin ango su ke kaiwa bisa al'ada, kamar lefenmu. Shi ne mai nauyi, kuma da ciniki a ke yanke shi tsakanin gida biyu.

Akwai wani abu kuma da ba mu saba da shi ba. Da an gama ɗaurin aure ango ya kan karanta wani alkawari da su ke kira taklik, ya sa hannu. Cikinsa akwai cewa in ya bar matar wata huɗu, ko ya bar ta ba ci ba sha tsawon wannan lokaci, ko ya cuce ta a jiki, ta kai ƙara kotu aka tabbatar, to, saki ya auku. Yaranmu da su kan ce "bari in je gida in dawo", su zauna shekara, su karanta abin da su ke sa wa hannu.

MAI MATA A GIDA

Ga inda Shaiɗan ya kan shiga. Sau da yawa kafin yaro ya tafi a kan ɗaura masa aure da 'yar dangi, ba rajista, ba takarda. In ya ga wata a can, sai wani mai wayo ya ce masa, "Ai ba a rubuta ko ina ba, ka rantse ba ka da mata." Uba kuma a nan ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar ƙarya.

Muna roƙonku kada ku yi. Ƙarin aure halal ne a can, amma sai da izinin kotun Shari'a a rubuce kafin a ɗaura. Kotu tana duban abin hannun mutum, ko za shi iya riƙe gida biyu, ko za shi yi adalci, tana kuma neman jin ta bakin uwargida. Wanda ya ƙara aure ba da izini ba, hukuncinsa tara har ringit 1,000, ko ɗauri har wata shida, ko duka biyu. Shaidar ƙarya don a sami aure ita ma laifi ce dabam. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, balle yanzu da hoton biki ya ke yawo a Facebook kafin a kwashe tabarmi. Ranar da surukai suka gano, mutuncin yaron ya zube, da na duk ɗan Zongo da za shi zo neman aure bayansa. Ita kuma baiwar Allah da ke gida, ubanta ya ba da ita da amana, an rantse gaban hukuma cewa babu ita.

HANYAR TAILAN

Wanda takardu suka gajiyar, ba ya rasa mai ce masa akwai gajeriyar hanya. A hau mota a ƙetare iyaka zuwa kudancin Tailan, Songkhla ko Narathiwat ko Pattani, inda Musulmi su ke da yawa, a ɗaura cikin yini ɗaya a komo. Mutanen ƙasar da kansu suna yin haka, in iyaye sun ƙi, ko in ana ɓoye wa uwargida.

Sauri ya haifi nawa. In an komo, sai an kai maganar ofishin jakadancin Maleshiya da ke Songkhla, sa'an nan kotun Shari'a ta bincika ko auren ya inganta, a ci tara, kafin a rubuta shi. Akwai kuma 'yan damfara masu liman na ƙarya da hatimin ƙarya. In kotu ta ce auren bai inganta ba, an rabu ke nan. Kafin a rubuta shi kuwa, namiji da mace da aka samu a ɗaki ɗaya ba takardar aure, jami'an addini suna iya kama su da laifin keɓewa. A Kuala Lumpur, bisa dokar 1997, hukuncinsa ya kai tarar ringit 3,000, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka.

Haka nan in an kawo amaryar nan gida aka ɗaura, dokarsu ta ba ta wata shida ta kai auren a rubuta. Maleshiya tana da ofishin jakada a Ankara, a fara da can.

BAYAN AN ƊAURA

Kada kowa ya zaci aure yana mai da baƙo ɗan ƙasa. Abin da mijin 'yar Maleshiya ya ke samu shi ne izinin zama mai tsawo, wanda a ke sabuntawa. Matar ce ke tsaya masa, ana ajiye kuɗin jingina, in yana son aiki sai an buga masa izini a kai. In auren ya mutu, zaman nasa ya shiga rawa. Tsarin mulkinsu ya ba matar da ta auri ɗan ƙasa hanya ta nemi rajista bayan zaman shekara biyu, tare da waɗansu sharuɗɗa. Miji baƙo ba shi da wannan ƙofa, sai doguwar hanya ta shekara 10 cikin 12. Ba su kuma yarda da riƙe ƙasa biyu ba, ko da ya ke Gana ta yarda. Wanda ya karɓi tasu ya ajiye tamu.

Maganar 'ya'ya ita ce ta fi hana mu barci. Ɗan da aka haifa a can cikin aure mai rajista, uwa ko uba ɗan ƙasa, ɗan ƙasa ne. In auren ba shi da inganci a idon doka, ɗan uwarsa ya ke bi. Watau ɗiyarmu da ta auri ɗan Maleshiya a ɓoye, ɗanta ba ya gadon ƙasar ubansa. Dokarsu kuma ba ta jingina wa miji ɗan da aka haifa kafin wata shida da ɗaurin aure.

Shekaru da yawa matar Maleshiya da ta haihu a waje da miji baƙo ba ta iya ba ɗanta ƙasarta kai tsaye, alhali namiji yana iyawa. Waɗansu iyaye mata suka kai ƙara, babbar kotu ta ba su gaskiya a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe a 2022, sa'an nan majalisa ta amince da gyaran tsarin mulki a 2024. Gyaran bai koma baya ya ɗauki waɗanda aka riga aka haifa ba. Saboda haka in surukarmu ta zo Kumasi da ciki, a je ofishin jakadansu a yi tambaya tun kafin naƙuda. Ta wajenmu babu damuwa, tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Gana ne, ko ina aka haife shi namu ne. Amma shi ma sai an rubuta shi.

NAMU SAKACIN

Kafin mu ce mutanen Kuala Lumpur sun cika fitina, mu duba gidanmu. Tun 1907 akwai Dokar Auren Musulmi a ƙasar nan, wadda ta ce cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyi da shaidu biyu da liman mai lasisi su je a rubuta shi. Shekara fiye da ɗari ke nan. Cikinmu mutum nawa suka yi? Shi ya sa in an ce ɗan Zongo ya nuna yana da mata, ba shi da takarda, in an ce ya nuna ba shi da ita, nan ma babu.

Mu kuwa bai kamata a koya mana darajar takarda ba. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Iyayenmu sun ba mu labarin mutanen da aka haifa a Zongo, ba su san wata ƙasa ba, aka loda su a motoci saboda ba su da abin nunawa. Gidaje suka watse, aure suka mutu a bakin iyaka. Jikokin waɗanda suka ga wannan rana bai kamata su haifi 'ya'ya a wata ƙasa ba tare da takarda ba.

Dattijonmu dai ya daure. Wata huɗu da 'yan kwanaki aka yi kafin takardu su cika. Ƙanensa ya tafi a madadin dangi, aka ɗaura a masallacin unguwar yarinyar, gaban ubanta da jami'in rajista, aka ba ango takardarsa, aka ba amarya tata. Ran nan ya sake zuwa ofis da sabon goro, ya ajiye mana a tebur, ya ce, "Malam Akawu, ashe nawa auren ma da uwar yaran nan, shekara talatin da biyar, ba a rubuta shi ko ina ba. Yaushe za ka raka ni?" Muka ce, "Baba, ran Litinin in Allah ya kai mu. A zo da Hajiya."

Duk wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke da irin wannan magana, ya tattaro takardunsa duka, har waɗanda ya ke gani ba su da amfani, ya same mu ran Lahadi bayan La'asar mu duba tare. Ya kuma sa yaron ya je ofishin addini na jihar da yarinyar ta ke, ya karɓo jerin abin da su ke so a rubuce, domin ko wace jiha da nata ƙarin. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba 'ya'yanmu abokan zama na gari, ya tsare mana zuriya a duk inda su ke. Amin.

Naku,
Akawu